Yadda Ake Haɗa Sabulun Ruwa na Wanke-wanke a Kuma Sayar da Shi a Sakkwato

Haɗin farko da na yi, wata maƙwabciyata a Mabera ta sayi roba ɗaya. Kwana uku ba a cika ba sai ga ɗiyarta da sauran a hannu: "Inna ta ce in gaya maki, wanga sabulu naki hannu shika ci, ba kwano ba." Na karɓa ina jin kunya. Wadda ta koya mana da gwangwanin madara ta riƙa auna komai, ni ma na bi sahu, ashe kostik soda, wani sinadari mai cin fata, ita ce ta yi yawa. Tun daga ranar na sayi sikeli. Abin da zan shimfiɗa miki a nan haɗin lita 20 ne na wanke kwanuka da goge ɗaki, kuma duk inda kika ga na dage, to awo ne dalili. Maza masu sha'awar sana'ar su ma su bi, hanyar ɗaya ce.

Kafin ki taɓa komai, ki san me ke yin wankin. Ruwa da maiƙo ba sa ga maciji, shi ya sa ko kin kwarara ruwan tulu guda a kan kwanon miyar man ja, maiƙon yana nan. Ƙwayar sinadarin sabulu kamar dillali take a kasuwar Kara, hannu ɗaya riƙe da mai saye, ɗayan riƙe da mai sayarwa. Kanta yana son ruwa, jelarta tana son mai. Jelar ta nutse cikin maiƙon, kan ya tsaya a ruwa, sai su kewaye ɗigon mai su ɗaga shi daga jikin kwano, ɗauraya ta tafi da shi. Aikin da sabulun salo na kakanninmu ke yi ke nan, wanda ake dafawa da ruwan toka da mai. Bambancin kawai shi ne sabulun mai yana shan kashi a ruwa mai nauyi, wato mai ɗauke da sinadarin farar ƙasa. Sai ki ga ya ƙi kumfa, ya bar wani farin dauɗa a bakin baho. Mu nan mun san wannan, tunda ƙasar da ake haƙo dutsen siminti a Kalambaina ita ce ke ƙarƙashin rijiyoyi da dama na wannan yanki. Sinadaran zamani, waɗanda Jamusawa suka fara haɗawa lokacin yaƙin duniya na ɗaya da man haɗa sabulu ya yi musu ƙaranci, sun fi jure irin wannan ruwa. Daga wannan zuriya Tide ya fito a Amurka a 1946, daga ita Omo ya fito, har sunansa ya zama sunan kowane garin sabulu a bakin Bahaushe.

Kayan haɗi

Masu wanki na gaskiya biyu ne a wannan haɗi. Na farko salfonik asid, ruwa mai kauri, launin zuma mai duhu, shi ne jaki mai ɗaukar kaya. Na biyu Texapon, fari mai danƙo kamar kamu, yana ƙara wanki, yana ba da kumfa, kuma yana rage wa hannu zafin salfonik. Duk sauran mataimaka ne. Kostik soda tana kashe tsamin salfonik, domin shi asid ne, ba zai zama sabulu ba sai an daidaita shi. Natrosol, wanda 'yan kasuwa ke kira naitirosol, kauri kawai yake bayarwa, ba ya wanke ko cokali. STPP yana kama sinadarin farar ƙasar da ke cikin ruwa don kada ya hana sabulu aiki. Gilisarin na laushin hannu ne.

Ga awon lita 20: salfonik kilo 1.5, Texapon kilo 1, kostik soda giram 190, Natrosol giram 100, STPP giram 150, gilisarin mililita 200, turare mililita 60 zuwa 80, kala ɗan kaɗan, gishirin girki giram 100 a ajiye gefe, ruwa kusan lita 16 da rabi, sai maganin hana lalacewa, wanda zan yi magana a kansa daban.

Idan kin taɓa zuwa wurin horaswa, za ki ce salfonik ɗina ya yi yawa, don galibi lita ɗaya ake cewa a zuba a ruwa lita 25, a cika da Natrosol har ya yi kauri kamar kunu. Yi lissafi da kanki. Wancan haɗin, abin da ke wanki a cikinsa bai wuce kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari ba ko an ƙara ɗan Texapon. Nawa yana kai wajen kashi 11. Wancan ya fi araha a ranar haɗi, amma mai abincin da ta wanke tukwane da shi ba za ta sake aiko yaro ba. Araha ba ta ado.

Ana samun kayan a shagunan sinadarai na cikin gari, mafi yawansu kuma daga Kano ko kasuwar sinadarai ta Ojota a Legas ake kawo su. Ki tabbata an rubuta sunan kowane abu a jikin ledarsa tun a shagon. Kostik da STPP da soda-ash (wanda ake ƙarawa a sabulun wankin tufafi) duk farare ne, in kika iso gida suka cakuɗe miki, kin shiga uku. Ki kuma haɗa da takardar gwajin pH, 'yar siririyar takarda mai canza launi don nuna ko haɗi ya yi tsami ko kanwa. Ita da sikelin girki mai auna giram su ne jarin da ya fi kowanne muhimmanci.

Kayan aiki duk na roba za su kasance: babban bokiti mai ɗaukar fiye da lita 25, ƙananan bokitai uku, doguwar muciya sabuwa da ba za ta sake shiga tuwo ba, mazurari, safar hannu ta roba, tabarau da takunkumi. Kada ki kuskura ki yi amfani da tukunyar dalma ko kwanon alminiyom, kostik tana cin su, tana kuma tayar da iska mai kama wuta. Ki cika babban bokitin da ruwa lita 20 tukuna, ki yi alama a jikinsa, sannan ki juye.

Ruwan haɗi ma ba kowanne ba. Na famfo ko burtsatse mai haske, a bar shi ya kwana ya kwanta, a tace. Idan na 'yan garuwa ne, ki san rijiyar da ya fito. Ruwan da ke barin farin ɓawo a cikin butar shayi zai sa sabulunki ya yi hazo.

Daren jajibiri

Aikin kwana biyu ne. Da yamma, bayan yara sun shiga ɗaki, ki zuba ruwa lita 5 a bokiti ɗaya, ki riƙa barbaɗa kostik a ciki kaɗan-kaɗan kina juyawa. Kostik ake kai wa ruwa, ba a kai mata ruwa, domin tana tayar da zafi, in ruwa kaɗan ya sauka a kan tarinta sai ta yi tsartuwa zuwa fuska. Za ki ji bokitin ya ɗumama. Rufe shi, ki sa a wurin da ake kullewa.

A nan zan tsaya kaɗan. Ruwan kostik ba shi da launi, ba shi da wari, kamar ruwan randa yake. Yaron da ya kurɓa, maƙogwaronsa ne ke ƙonewa, wani sai ya shekara ana fama a asibiti bai iya haɗiye tuwo ba. Kada ki taɓa zuba shi a robar ruwan sha ko kofi, ko na minti ɗaya ne. In ya taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti 15 zuwa 20, na ido a wuce asibiti. In an sha, kada a sa mutum amai, kada a ɗura masa man ja, a nufi asibiti da ledar sinadarin a hannu.

A bokiti na biyu ki zuba ruwa lita 3, ki riƙa gutsura Texapon kina sakawa kina juyawa. Yana da taurin kai: in kika zuba masa ruwa kaɗan sai ya ƙara ƙullewa ya zama kamar ƙaro. Bar shi ya kwana, da safe ya saki. A na uku, STPP a ruwa lita ɗaya da rabi.

Ranar haɗi

Da sassafe za ki fara, a tsakar gida inda iska ke wucewa, kafin rana ta buɗe. Zuba ruwa lita 7 a babban bokiti. Barbaɗa Natrosol kamar yadda ake barbaɗa gari a talge, hannu ɗaya na zubawa ɗaya na juyawa. Da farko ruwan zai yi fari-fari ba kauri, kada ki ce an sayar miki da jabu. Bayan ya watsu sarai, sai ki juye ruwan STPP. Shi dangin kanwa ne, yana shiga za ki ga kaurin ya fara tashi. Ci gaba da juyawa minti 15 zuwa 20 har ya yi santsi kamar miyar kuɓewa. Wadda ta zuba STPP ko kostik tun Natrosol bai watsu ba, ita ce ke samun gudaji masu kama da idon kifi, kuma ba sa narkewa da daɗi.

Yanzu sai babban aiki. Ɗauko bokitin kostik da ya huce, ki riƙa tsiyaya salfonik a ciki siriri-siriri kina juyawa a hankali. Zai sake ɗumama, duhun salfonik zai washe ya koma ruwan ƙwai mai haske. Wannan shi ne kanwa ta kar tsami, ƙwannafi ya kwanta. Kowane kilo na salfonik yana cin kostik wajen giram 130, amma ƙarfinsa yana bambanta daga wannan ganga zuwa waccan, don haka takarda ce za ta raba gardama. Ɗebi ɗan kaɗan, ki sirka da ruwa, ki tsoma takardar, ki kwatanta da launukan jikin kwalinta. Lamba 7 ce tsakiya. Ƙasa da ita tsami, sama da ita kanwa. In ta nuna 3 ko 4, narka kostik giram 10 a ɗan ruwa ki ƙara, ki juya, ki sake gwadawa. In ta haura 9, ƙara salfonik cokali-cokali.

Da yawa suna cakuɗa Texapon da ɗanyen salfonik tun farko. Ni ba na yi, saboda Texapon ba ya shiri da asid mai ƙarfi, yana raunana shi. A kashe tsamin tukuna.

Juye wannan haɗi cikin babban bokiti, ki juya. Biyo shi da ruwan Texapon, sai gilisarin. Juyawar ta zama gefe ɗaya, daga ƙasa, ba bugu ba, don bugu kumfa kawai yake tarawa. Cika da ruwa zuwa alamar da kika yi. Sake tsoma takarda. Sabulun da hannu zai wuni a ciki, tsakanin 7 da 8 ake so ya tsaya.

Duba kauri. In ya yi miki, bar gishirin nan ya koma kicin. In kina son ƙari, narka shi a ruwa kaɗan, ki zuba rubu'i, ki juya, ki jira minti biyar. Gishiri yana ƙara wa Texapon kauri har zuwa wani mataki, daga nan sai ya juya baya, sabulun ya tsinke ya koma ruwa tsululu, kuma ba ya dawowa sai an yi sabon haɗi an gauraya. Haɗi biyu na ɓata kafin na yarda da wannan.

Kala a narka ta a ruwa tukuna, a tace, a riƙa ɗigawa. Turare sai haɗin ya huce sarai, in ba haka ba zafi ya kwashe shi. Na lemun tsami ya fi dacewa da kwanuka. Turaren da ke da nauyi irin na kaya, ki bar wa sabulun goge ɗaki, ba wanda ke son fura mai ƙanshin humra.

Maganin hana lalacewa fa? A wuraren horaswa fomalin ake ambata, murfi ɗaya ko biyu. Shi ne ruwan da ake adana gawa da shi, kuma tun 2004 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa sinadarinsa a jerin masu haddasa cutar ga ɗan Adam. Ba na sa shi. Wasu sun koma sodiyom benzowet, amma shi sai a haɗi mai tsami yake aiki, a lamba 7 zuwa 8 kusan ado ne. Nemi Kathon CG, wanda mililita 20 ya ishi lita 20 kuma kada a wuce haka, ko fenoksi-etanol mililita 100 zuwa 200. In ba ki samu ba, yi haɗi kaɗan wanda zai ƙare cikin 'yan makonni, da ruwa mai tsabta da robobi wankakku. Zafin Maris zuwa Mayu a garin nan, da ma'auni ke haura 40, ba ya raga wa abin da aka yi da ƙazamin ruwa. Sai ki buɗe jarka ki ji wari kamar na kwata.

Rufe bokitin ki bar shi awa 12 zuwa 24. Kumfar za ta faɗa, ya washe. Sannan a ɗura.

In ya rabu biyu, ruwa a sama kauri a ƙasa, yawanci Natrosol ne bai nuna ba ko gishiri ya wuce. In ya yi hazo da sanyin hunturu ya kuma washe da rana, ba lalacewa ba ce, halin salfonik ne in ya ji sanyi. In yana sa ƙaiƙayi, koma ga takarda.

Gwajin kwano

Kada ki yarda da kumfa. Kumfa ido take burgewa, garin sabulun injin wanki ma da gangan ake rage masa ita, kuma yana wanki fes. Ga gwajin da nake yi wa kowane haɗi. Baho biyu, kowanne ruwa lita 5. Wannan cokali ɗaya na nawa, wancan cokali ɗaya na Morning Fresh ko wani na kamfani. Faranti iri ɗaya, kowanne an shafa masa rabin cokalin man gyaɗa. A yi ta wankewa ana ƙirgawa har ruwan ya daina cire maiƙo. Na kamfani yakan wuce nawa, ba na musu, amma in nawa ya kai fiye da rabinsa alhali kuɗin nawa bai kai rabin nasa ba, na san abin da zan faɗa wa mai saye. A gaban mai abinci ma nakan yi shi. Gani ya kori ji.

Wannan haɗi na kwanuka ne, tayil, mota da wankin hannu na ɗan lokaci. In na tufafi kike so, ƙara soda-ash giram 300, amma ki sani lambar za ta haura 10, sai ki ba shi wata kala daban, ki rubuta cewa na wanki ne. Ko wanne ciki ba na wanka ba ne, ba na gashi ba, balle jariri. Ki kuma ja kunnen masu saye kada su gauraya shi da Hypo ko Jik, kuma faufau kada su haɗa waɗannan da Harpic a banɗaki. Hypo da Jik ruwan kulorin ne, Harpic na wanke masai kuma asid ne, in suka gamu iskar kulorin ke tashi, mai shaƙe numfashi. Mata da yawa suna yi da sunan ƙarin tsabta, a ɗaki rufe.

Kuɗi da kasuwa

Rubuta komai a littafi: sinadarai, robobi, takardar manne, kuɗin ruwa, kuɗin ɗan kabu-kabu zuwa kasuwa da dawowa, da ladan wuninki. Wannan na ƙarshe shi ake mantawa. Lita 20 roba 40 ce ta rabin lita, amma ki lissafa 38, don akwai na gwaji da wanda zai maƙale a bokiti. A ce, misali kawai, duka kin kashe naira 19,000, to kowace roba ta tsaya miki a 500, daga nan za ki ɗora riba. Farashin sinadarai da dala yake tafiya, saboda haka kowane haɗi da lissafinsa. Kuɗin sayen kayan haɗi na gaba a ware shi kafin a taɓa na cefane.

Roba ita ce ke cinye riba, ita ce kuma wurin haɗari. Na san robar lemo da aka sha ta fi araha, amma koren ruwa ko ja a cikinta, yaro lemo ko zoɓo yake gani. Sayi sabuwar roba mai murfin matsawa. Ga 'yan unguwa kuma ki buɗe awo: kowa ta aiko da tata robar sabulun, a zuba mata da rangwame. Wannan hanya ta fi kowacce riƙe mini mutane.

Gidaje suna saye, amma jarka ba a gida take ƙarewa ba. Masu tuwo da shinkafa na bakin tasha, masu shayi, masu wankin mota, masu nama da ke fama da kitse a Kasuwar Daji, masu dafa abincin ɗalibai a wajen Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, makarantun kuɗi da ke goge azuzuwa kullum, su ne masu ɗaukar lita 5 zuwa 25. Kai musu 'yar ƙaramar roba kyauta, ki koma bayan kwana uku ki ce, "Hajiya, yaya kika ga aikinsa?" Ki saurari amsar da kyau, in ta ce ya cika santsi wajen ɗauraya ko ƙanshi ya yi yawa, gyara ne ta ba ki kyauta. Lokutan ciniki kuma sanannu ne: goman ƙarshe na azumi, babbar Sallah da maiƙon layya ke cika gida, da lokacin bukukuwa, inda ake sa shi cikin kayan rabo. In hannunki ya faɗa, nemi mai shago da ke bin kasuwannin Achida, Bodinga ko Illela, ki ba shi a farashin sari.

Hoton roba a WhatsApp ba ya sayar da komai, kowa yana da irinsa. Ɗauki bidiyon tukunyar miya mai maiƙo kina wankewa da cokali ɗaya, daga farko har ɗauraya, ba yankewa. Bashi kuwa, ga mai abinci, jarka ɗaya kawai: ta biya ta jiya, ta karɓi ta yau.

A jikin takardar manne ki sa sunan kayanki, yawan abin da ke ciki, ranar haɗi, amfaninsa, lambar wayarki, da gargaɗin a nesanta shi da yara. Kada ki kwaikwayi suna ko zanen wani kamfani, kada kuma ki rubuta cewa yana kashe ƙwayoyin cuta, tunda ba ki sa abin da ke kashe su ba. Sabulu da sinadarai suna ƙarƙashin kulawar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, kuma manyan kantuna ba sa karɓar kaya marasa lambarta. Hanyar tana farawa da rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sannan neman rajistar kayan, su zo su duba wurin haɗi, su ɗauki samfuri zuwa ɗakin gwaji. Wurin haɗin dole ya fita daga kicin da ɗakin kwana. Abin da zai sauƙaƙa miki ranar nan shi ne littafin nan naki. Tun daga haɗin farko ki riƙa rubuta kwanan wata, awon kowane sinadari, shagon da kika saye shi, da lambar da takarda ta nuna. Daga kowane haɗi kuma ki ware 'yar roba ɗaya mai kwanan wata, ki ajiye a inuwa wata uku, kina dubawa ko ta rabu, ko ta kwaɗe, ko ta canza wari.